Mijinyawa Ba Ya Zuwa Aike

In ka taɓa sauka a tashar Boɗinga ka ji wani yana rantsuwa cewa ya kashe kuraye arba'in kafin ya karya kumallo, kada ka tattara kayanka ka gudu. Mijinyawa ne, kuma kurayen na cikin talabijin ne.

Direban keke mai ƙafa uku ne, irin wanda ake wa laƙabi da agwagwa da buje. To amma tun da Ɗahiru ya buɗe shagon wasan gem a bakin tasha, keken nan ya fi sabawa da inuwar dogon yaro a kan kwalta. Fasinja na tsaye da buhun albasa rana tana dukansa, direba na cikin shago yana yaƙi da yatsu.

Abu biyu Mijinyawa yake tinƙaho da su a duniya: yatsunsa, da kuma cewa shi ba a aikensa.

"Tun da niy yi wayau ba wanda yat taɓa aike na," haka yake cewa yana bugun ƙirji. "Mutum nika ɗauka, ba saƙo ba. Mai son saƙonai shi kai, shi hau da kainai."

Wadda ta fi kowa shan wannan magana ita ce Inna Balaraba, ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ta riƙe shi tun yana cin ƙasa. Masa take toyawa a jikin shagon Ɗahiru. Akuya guda tak gare ta a duniya, ta ba da ita kiwo wajen 'yar uwarta Aminatu a Horo Birni, bisa yadda aka saba: in ta haihu mai kiwo ta ɗauki rabonta, uwar ta koma gida. To akuya ta haifi biyu, harawa ta ƙare a ƙauye, Aminatu ta aiko har sau uku a zo a ɗauke ta tun ba ta rame ta mutu ba. Mako uku cur Inna tana bin ɗan da ta goya.

"Mijinyawa, akuyar ga hwa."

"Inna, ni da girmana a gan ni da akuya bayan keke tana yi min kuka? Mi mutane za su ce?"

"Za su ce ka tahi aiken uwarka."

"To kin ji abin da ba ni so ke nan."

Wallahi haka ya ce mata. Ya kuma miƙa hannu ya ɗauki masa biyu masu zafi ya wuce.

Ana nan sai Ɗahiru ya dawo daga Sakkwato da sabon wasa. Labarin wani jarumi ne da ya sauka a ƙauyen da Dodo ya addaba, shi Dodon kuwa yana zaune a wani gida mai ƙofar ƙarfe a bisa dutse, ƙetaren kogi. Abu biyu ake yi a wasan. Akwai faɗa, inda kuraye da 'yan fashi za su taso maka ka kauce, ka tare, ka sara. Akwai kuma aike, inda mutanen ƙauyen za su riƙa tsayar da kai, wannan ya ce samo min wancan, wancan ya ce kai min wannan.

A kan haka gardama ta ɓarke tsakanin Mijinyawa da Malam Attahiru, wani malamin firamare da aka turo Shagari daga Sakkwato, wanda kan shigo Boɗinga ranar Asabar ya yi aski ya ɗan taɓa wasa. Siriri ne mai tabarau, irin mutanen nan da sai sun karanta takardar magani kaf kafin su haɗiya.

"Malam, hwaɗa shi na wasa!" in ji Mijinyawa. "Kura mai tsalle daban, mai kwanto daban. Ka yi gaggawa ta cinye ka, ka yi nawa ta cinye ka. Nan aka gane namiji. Aike kuwa mi na? Masu wasan sun rasa abin cika lokaci, sunka ce bari mu mai da mutane bayi."

"Ban ƙi taka ba, faɗan yana da daɗi," in ji Malam. "Amma in ka kashe kura hamsin, don wa ka kashe su? Wa ka sani a garin? Aike shi ke sa ka san gari, gari ya san ka. Kowane ɗaya da abin da aka ɓoye a bayansa."

"Wahala anka ɓoye! Ɗan aike ai ba mutum ba na, ƙahwa ɗai ta."

Kowa ya waiga. Domin a kan bencin bakin ƙofa Baba Mode na zaune yana cin goro, mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana aikin masinja kafin ya yi ritaya. Ya tofar da tuƙar goro, bai ko ɗago ba.

"Ƙahwa ko?" in ji tsohon. "Yaro, zamanin jamhuriya ta biyu da anka shiga tsuke bakin aljihu, manyan ma'aikata na layin shinkahwa da madara tun sahe. Ni ƙahwar, ni ka sanin shagon da anka sauke kaya tun jiya. Har mai babbar kujera sai ya gaishe ni kahin shi samu abin shan shayi."

Mai hankali a nan sai ya ce Baba a gafarce ni. Mijinyawa kuwa gyara hula ya yi.

"Baba, wancan zamani na. Ni nan zan kashe Dodon ga ban je aiken kowa ba. Ko guda!"

"Madalla," in ji Baba Mode. Nan take ya yanke sharaɗi. Asabar mai zuwa a fito da talabijin biyu ƙarƙashin rumfa, Malam ya bi hanyarsa, Mijinyawa ya bi tasa, a ga wanda zai riga kashe Dodo. Wanda aka kayar zai zama ɗan aiken tasha na mako guda, duk wanda ya aike shi ba musu.

"A mai da shi mako biyu!" in ji Mijinyawa.

Inna Balaraba na jin su ta bayan katanga. Ta juya masarta.

Fetur a wannan marra ya zama turare, ɗigo-ɗigo ake zuba shi. Da ƙyar 'yan tasha suka yi karo-karo aka samu galan guda na janareta, aka ce duk abin da za a yi a gama kafin ya ƙare. Shi kuwa gogan naka, ɗan man da ya rage a tankin kekensa ya ƙone wajen shela. Ya aro lasifika ya ɗaura, ya bi Shagari, ya bi Dandin Mahe, yana cewa a zo a ga yadda ake kashe Dodo ba a je aike ba. Har kusa da Horo Birni ya kai, inda da ya kashe lasifikar sai ya jiyo kukan akuyar Inna, amma ya juyo abinsa. Ɗahiru ya ce masa ya zo ya ɗan gwada wasan tukuna, tun da bai taɓa wuce kurayen farko ba. Ya ce gwaji na masu tsoro ne.

Ranar Asabar bayan Azahar rumfa ta cika maƙil. Masu albasa sun bar buhuna, direbobi sun bar lodi, mutanen Shagari sun zo da mota guda don mara wa malamin 'ya'yansu baya. Mijinyawa ya iso da baƙin gilashi da tawul a wuya, ya karɓi fad, wato abin dannawar, ya hura masa iska. Ɗahiru ya ja janareta.

Jarumai biyu suka bayyana a ƙofar ƙauye, kowa a talabijin ɗinsa. Abu na farko da suka tarar shi ne wata tsohuwa mai sanda tana kuka. Da Turanci take magana, don haka aka ce Malam ya fassara.

"Cewa take, ɗana, ka ga akuyata? Ta ɓace a daji, a taimaka a nemo mata."

Dariya ta tashi, idanu suka koma kan Inna Balaraba da ke bakin tandarta.

"Har nan ma?" in ji Mijinyawa. Ya danna ya wuce tsohuwa kamar bai gan ta ba. Malam kuwa ya tsaya ya saurare ta har ƙarshe, ya kama hanyar daji neman akuya.

To, gaskiya dai a faɗe ta ko a kan Mijinyawa ce: mutumin nan ya iya faɗa. Kuraye shida suka rufar masa, ya kauce nan, ya mirgina can, kafin ka ce kwabo duk suna ƙasa. Rumfa ta ɗauki sowa. A ɗaya talabijin ɗin kuwa kura guda, gurguwa ma, ta kori Malam har ya faɗa rami.

"Malam, takobi na hannunka ba alli ba!" in ji wani direba.

"Ku bar shi," in ji Mijinyawa, "makiyayi na, bai saba ba."

Bayan kura ta ashirin takobin Mijinyawa ya dakushe, sara yake kamar da muciya. Ya nufi maƙera. Maƙerin ya ce gawayinsa ya ƙare, in jarumi zai samo masa buhu guda a daji, zai wasa takobin har ya ƙara masa ƙarfe.

"Maƙeri shi aike ni? Ku dube shi, ko tashi bai yi ba da nis shigo!"

"Ka samo gawayin ga, Mijinyawa," in ji Ɗahiru. "Ga dajin nan kusa."

"Ɗahiru, kai ga injinka, ni ga yaƙina."

Bai yi nisa ba ya sari garkuwar wani ɗan fashi, takobi ya karye gida biyu. Abin da ya rage masa sai wata sanda da ya tsinta a gefen hanya. Ya ce dama ita ya fi so, takobi nauyi gare shi.

Ya iso bakin kogi. Mai kwalekwale ya ce zai ƙetarar da shi in ya kai wa ƙanensa mara lafiya magani a bayan gari. Mijinyawa ya yi tsaki.

"Ni da niy yi wanka a gulbi tun ina ƙarami?"

Ya danna, jarumi ya yi tsalle cikin ruwa da sulken ƙarfe a jikinsa. Ko kumfa biyu bai yi ba. Talabijin ta yi baƙi, ta dawo, sai ga jarumi ya farfaɗo a ƙofar ƙauye inda aka fara. Ashe ƙa'idar wasan ke nan, duk wanda ya mutu nan ake mai da shi. Tsohuwa mai sanda ta ɗago kai.

Wannan karon ba a jira Malam ba. Wani mai albasa ne ya fassara da muryar tsofaffi: "Ɗana, ka ga akuyata?"

Mutane har da riƙe ciki. Mijinyawa ya cire gilashi, ya ce shi ne ya hana shi ganin zurfin ruwan. Ya koma kogin ta wani gefe, ya sake nutsewa. Ya sake farfaɗowa.

"Ɗana, ka ga akuyata?" Yanzu rabin rumfa ke amsawa.

Zuciya ta ɗebe shi ya kai wa tsohuwa sanda. Subhanallahi! Sandar ba ta same ta ba, tulun da ke gefenta ta fasa, amma ƙauye ya tashi kaf. Mata da taɓare, maza da fartanya, har maƙerin da bai tashi ba ɗazu ya tashi da guduma. Suka bi jarumi lungu-lungu, 'yan kasuwa suka rufe rumfuna, mai sayar da magani ya ja ƙofa.

"Tsohuwa kaɗ ɗaga wa sanda?" in ji Baba Mode.

"Hannuna yak kuɓuce, Baba."

"Allah shi sa shi tsaya cikin talabijin," in ji Inna Balaraba. Maganarta ta farko ke nan tun da aka fara.

Duk wannan abu Malam na can yana fama a hankali. Ya samo akuya da ɗan ganye a hannu tana binsa, ya kai gawayi, ya kai magani, ya taya wata mata ɗaukar itace. Sau biyar ana kashe shi a hanya, amma takobinsa yanzu sai ƙyalli yake, mai kwalekwale kuma ya ƙetarar da shi har da yi masa addu'a.

Mijinyawa ya goge zufa da tawul. Da ya ga ruwa ya ƙi, ƙauye ya ƙi, sai ya bi gaɓar kogi can nesa har ya samu wata gada da 'yan fashi ke tsaro. Nan kam ya nuna shi ɗan halak ne. Da sanda tsirara ya bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya, yana kaucewa yana rafka, har mutanen Shagari da suka zo don su ga bayansa sai da suka tafa. Ya haye dutse da gudu, ya tsaya a gaban ƙofar ƙarfe, ya miƙe tsaye daga benci.

"Ku buɗe ido! Dodo, ga ubanka ya iso!"

Ya danna. Ƙofa ba ta motsa ba. Ya doke ta da sanda, ya tokare ta da ƙafa, ya ja baya ya banke ta da kafaɗa. Wani rubutu ne kawai yake fitowa.

"Malam, mi anka rubuta nan?"

"Aike na kake yi?" in ji Malam, yana gyara tabarau.

"Don Allah dai."

"An ce makullin ƙofar yana hannun tsohuwar ƙofar gari. Ba ta ba kowa sai wanda ya dawo mata da akuyarta."

Ka taɓa jin tasha guda ta yi dariya a lokaci ɗaya? Wani direba daga kan benci ya sulale ƙasa. A daidai nan janareta ya yi tarin farko, Ɗahiru ya leƙa tanki ya ce saura kaɗan.

To amma fa Malam bai ci ba tukuna. Ya buɗe ƙofa da makullin da tsohuwa ta ba shi ya shiga, Dodo ya maka shi da ƙasa. Ya dawo, Dodo ya sake take shi. Duk kyan takobin nan, in ya ga Dodo ya taso sai ya rufe ido. Mijinyawa ya duba, ya ga in da shi ne a ciki da tuni an gama. Makulli kawai ya raba shi da nasara, makulli kuma yana bayan akuya.

Ya zauna a hankali. Ya juya jarumi ya fara gangarowa daga dutse.

"Ina za ka?" in ji Ɗahiru.

"Shan iska."

"Hanyar daji ta hwa."

"Wannan ba aike ba na," in ji Mijinyawa, muryarsa ta ragu. "Taimakon tsohuwa na. Lada nika biɗa."

Mutanen Shagari suka yi caa, suka ce ya karya alkawari, shi da ya ce ko guda. Baba Mode ya ɗaga hannu.

"Ku ƙyale shi. Shekara talatin da biyar ina wagga sana'a, ina son in ga yadda sabon shiga ka yi."

Jarumi ya samu akuya a gefen wani kwari mai zurfi tana kiwonta. Ya matsa, ta matsa. Ya bi ta dama, ta yi hagu. Malam, da yake mutumin kirki ne, ya ce masa ba tare da ya waiwayo ba, "Tsinko ganye ka nuna mata, za ta bi ka." Janareta ya sake tari.

"Ni in roƙi akuya?" in ji Mijinyawa. Ya ɗaga sandar da ta ga bayan 'yan fashin gada, ya zuba mata a gindi.

Akuya ta juyo. Ta dube shi. Ta ja da baya taku uku, ta sunkuyar da kai, ta zo ta nausa shi a ciki. Jarumin da kura arba'in ba su taɓa ba ya tashi sama, sanda na gefe guda, ya nufi ƙasan kwari yana wutsil-wutsil da ƙafafu. Talabijin ta yi baƙi.

Ta dawo. Ƙofar ƙauye. Tsohuwa ta ɗago kai.

"Ɗana, ka ga akuyata?" in ji mai albasa.

"Ya gan ta!" in ji tasha baki ɗaya.

Ba a gama wannan ba sai ihu ya tashi a ɗaya gefen. Karo na uku da Malam ya shiga, sai ga maƙeri da mai kwalekwale da matar itace sun biyo shi, suka riƙa jifan Dodo suna raba masa hankali. Malam ya runtse ido ya danna duk abin da yatsansa ya samu. Dodo ya yi ƙara ya kife. Janareta ya yi tari na ƙarshe ya mutu.

Mijinyawa ya ce fad ɗinsa ya ƙage. Ya ce rana na haska tasa talabijin. Ya ce akuyar ba akuya ba ce, Dodon ne ya rikiɗa. Ba wanda ya saurare shi, domin layi ya riga ya kafu: mai shayi yana son ruwa, mai faci yana son a kai taya, wani ma ya ce shi ba shi da aike amma zai ƙirƙiro.

"Ku dakata," in ji Baba Mode. "Akwai wadda tar riga ku da mako uku."

Inna Balaraba ta goge hannu da zane. Ta ɗaga faifan da ta rufe kwando da shi ta zaro igiya, sabuwa, a naɗe. Tun safe take nan a ƙarƙashin masa.

"Inna, keke ba mai," in ji Mijinyawa.

"Na sani, ka ƙone shi wajen kiran mutane su zo su gan ka. Ga motar Shagari can tana lodi. Daga can ƙahwa ka kai mutum."

"Ƙahwa ko?" in ji Baba Mode, yana ɓare sabon goro. "Ashe tana da rana."

Mijinyawa ya karɓi igiya yana juya ta a hannu. Bakin nan dai bai mutu ba, ya yi ƙoƙarin ƙarshe.

"Ita waccan tsohuwa makulli taka badawa in an kawo mata. Ke mi za ki ba ni?"

Inna ta dube shi tun daga hula har silifa. Dariyar da ke bakin mutane ta tsaya.

"Ni na riga na ba ka, tun kana cin ƙasa," ta ce. "Tahi. In ka ishe ta, kak ka buge ta."

Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba, har ya kasa ɗaga ido. Ya naɗe igiya ya shiga mota.

Washegari da hantsi aka sauke su a bakin kwalta, shi da akuya ramammiya da ɗanta guda. Ta kafe ƙafafu ta ƙi tafiya. Tasha duk ta zuba ido a ga ko zai ɗaga hannu. Mijinyawa ya waiga dama, ya waiga hagu, ya durƙusa ya tsinko ganye.